Abin da Na Ɓoye Miki a Gindin Bedi

Da sunan Allah nake farawa, shi ke kai matafiyi, shi ke maido shi gida.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin sauka Yamai lafiya, gajiyar mota kuma ta bi lafiya. Allah ya tsare ki a ɗaki, ya tsare ki a hanya, ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Mu nan Urafane sai godiya. Innarki na gaishe ki. Labarin gida ba zan cika ki da shi ba, wannan kullum kuna yinsa da ita a wayar salula. Abin da ya sa na nemi bik na rubutu da takarda, akwai maganar da salula ba ta ɗauka, kuma sati shida kina gabana a hutun nan bakina ya kasa furta ta.

Kin tuna ranar da kika shimfiɗa mini tabarma a gindin itacen bedi bayan la'asar, kika ajiye salularki tsakaninmu don ta ɗauki murya. Kin ce malamarku ta jami'a ta ba ku aiki, kowa ya nemi tsohon malamin lakwal, makarantar boko ta yara, ya tambaye shi yadda yake koya wa yara karatu a zamaninsa, kuma ba ki ga abin da zai kai ki nesa ba ga ni a cikin gida, na fi shekara talatin ina riƙe da alli. Na gyara hula, na gyara murya, na ba ki irin amsar da muke ba mai duba makarantu in ya zo daga Tasawa. Na ce muna da horo, muna da tsari, yaranmu suna cin sartifika. Ban yi ƙarya ba. Amma kin san tsaba da ƙaiƙayi a masussuka ɗaya suke, ni kuwa sai na sheƙe na miƙo miki tsabar kaɗai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda kika saurare ni. Uwanin da na sani, wadda ta yi shekara takwas tana koyarwa a kolej a Mayahi, ba ta barin mutum ya dasa aya, kuma ba laifinta ba ne, a wurina ta gada. Wannan karon sai na ga kin natsu, in na yi shiru ki bar shirun ya zauna har in ji nauyinsa. Da na gama yabon kaina, kika ce, "Baba, to waɗanda ba su ci ba, ina suka nufa?" Na ce Allah bai yi su da karatu ba. Kika rubuta a kayenki, ɗan littafin rubutun nan naki, ba ki yi mini musu ba, kika yi godiya. Da can na ɗauka babban digirin nan na ilimin koyarwa da kuke kira doktora baki yake ƙara wa mutum. Ashe kunne yake fara gyarawa. Shekara ɗaya tak kika yi a cikinsa, amma na ga an sake miki zama, an sake miki tambaya. Na yi alfahari da ke ranar, na kuma ji kunyar kaina, duk a kan tabarma ɗaya.

Sai ranar kasuwa kika ce in raka ki kara, inda ake cinikin shanu, kina so ki ji daga bakin waɗanda suka bar lakwal da kansu. Allah ya haɗa mu da Sambo, dogon Bafillacen nan mai sayar da bijimai, wanda ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ni. Kafin ki kunna salula sai da kika gaya masa abin da za a yi da maganarsa, kika ce in bai so ba babu tilas, sunansa ma za ki sake shi. Ni a rayuwata ban taɓa neman izinin wanda nake gani ƙasa da ni ba kafin in tambaye shi abu. Da kika zo kan dalilin barinsa karatu, ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce shanu ne suka yi yawa, babansa ba shi da mai kiwo. Asirina ya rufa, Uwani. Ba shanu ba ne. Ni ne.

Ina sabon mushe lokacin, wato sabon malamin lakwal, ko aure ban yi ba, aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Hawandawaki, inda mota ke sauke ka a bakin hanya ka ƙarasa cikin rairayi a kan amalanke. Kalas ɗin rumfar kara ce, yara na zaune a ƙasa, tablo, babban allon rubutu, a jingine da ginshiƙi. Dokar zamanin, ba a yin wani harshe a lakwal sai Faransanci, kuma don a tsare dokar akwai abin da muke kira sambol. Namu ƙashin muƙamuƙin jaki ne da na tsinta a bayan gari, na huda shi na zarga masa igiya. Yaron da aka ji ya yi Hausa ko Fillanci sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya kasa kunne har ya kama wani ya sauke masa. Wanda aka tashi abin yana wuyansa, shi ke shan bulala. Haka aka yi mini ina yaro, haka na yi, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba.

Sambo kuwa babansa ne ya kawo shi da ƙafarsa, ba maigari ya tilasta shi ba. Ya zo mini da ƙwaryar nono, ya ce ya gaji da kai takardar allurar shanu gari a karanta masa, yana so a samu mai karatu a rugarsu. Yaron yana da Fillanci, yana da Hausa, kuma kansa yana ja. Wanda ya saba ƙidaya garke da ido, lissafin kalas ba komai ba ne a wurinsa. Harshen Faransanci ne kawai bai zauna masa ba tukuna. Wata safiya na rubuta musu lissafi a tablo. Ban ajiye alli ba sai ya zabura ya ce, "Goma sha bakwai!" Da Hausa ya faɗa, murna ce ta kwashe shi. Amsar daidai ce. Ban ce masa ya yi daidai ba. Na ɗauko ƙashin na rataya masa.

Da wani yaro ne, kafin a fita shan iska ya kama wani. Sambo ya ƙi. Yana jin ƴan'uwansa suna raɗa da Hausa, sai ya kau da kai. A tarbiyyar gidansu tona wani ya fi bulala ciwo, ni kuwa na ɗauka taurin kai ne. Da yamma in doke shi in karɓi ƙashin, da safe in mayar masa, har aka kusa sati biyu. Rannan babansa ya biyo da shanu za shi rijiya, ya ce bari ya leƙa ya ga ɗansa yana karatu. Ya sunkuya ya shigo rumfar. Bai ɗaga murya ba. Ya cire igiyar daga wuyan yaron, ya ajiye mini a kan tebur a hankali, ya ce, "Mushe, ko jakina ba na rataya masa ƙashin ɗan'uwansa." Ya kama hannun ɗansa suka fita.

A babban littafin lakwal na rubuta cewa yaro ya bar karatu saboda iyayensa ba su san darajar ilimi ba. Na yi shekaru ina maimaita wannan magana a taron malamai, har ni kaina na yarda da ita.

Bayan tafiyarki da kwana uku na nemi rugar Sambo na je. Aka shimfiɗa mini, aka kawo fura da nono, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana tona ƙasa da sandarsa, sannan ya ce shi ya yafe tun tuni, malami uba ne. Ƴaƴansa uku suna lakwal yanzu, biyu mata. Sai ya ce, "Amma nakan leƙa su ba zato, Mushe, in duba wuyansu." Dariya ya yi da ya faɗa. Ni ban iya ba. Ya ce in gaya miki in kin dawo ki zo da salularki, zai ba ki labarin yadda yake.

To, Uwani, za ki yi ta karanta takardu da littattafan lakwal da ke faɗin dalilin da ya sa ƴaƴan makiyaya da ƴaƴan manoma ke barin karatu. Ki karanta su, amma ki tuna hannu irin nawa ne ya cika wasu. Wanda ya yi laifi shi aka ba alƙalami, wanda aka yi wa yana daji bayan shanu. In mutum ya ba ki amsa ya dubi ƙasa, ki koma masa wata rana ba tare da wanda yake jin nauyi ba. Kuma kada wannan ya sa ki raina tsofaffin malamai. Da yawanmu mun sha rana da ƙishirwa a ƙauyukan da ba wanda ke son zuwa, muna son yaran, ba mu dai san wata hanya ba. Ki faɗi ɓarnarmu ba tare da kin zubar da mu ba. Na ga kina iyawa.

Na Sambo rashin sani ne. Wanda zan gaya miki yanzu da sanina na yi shi, shi ya sa ya fi ci mini rai.

Kina goye a bayan innarki lokacin da aka ba ni dirakta, shugaban malamai, a wata lakwal kusa da Tchaké. A cikin malamaina akwai Mushe Yohanna, Kirista ne, manomi kuma, shi ke ba da waƙa a ƴar majami'arsu ranar Lahadi. Mutum ne mai sanyin hali, ba ka jin muryarsa daga waje. Shi ke riƙe da ƴan shekarar farko. Sai na lura yana rubuta musu Hausa a tablo: tuwo, rago, kaka, gero. Na tambaye shi, ya ce shi da Hausa ya fara gane karatu tun kafin a sa shi lakwal, kuma ya ga yaro in ya karanta kalmar da uwarsa ke faɗi, fuskarsa takan buɗe, daga nan Faransanci ba ya yi masa wuya. Na ce wannan ba ya cikin tsari. Ya ce in ba shi wata shida in gani.

Na gani kuwa. Yaransa suka riƙa tsayawa a bakin shago suna karanta abin da ke jikin kwali, alhali nawa manya suna rera abin da suka haddace, in ka nuna musu kalma ɗaya a tsakiya su yi zuru. Iyaye suka fara magana. Har wani dattijo ya tare ni a masallaci yana roƙo a mayar da jikansa baya, kalas ɗin Yohanna. Maimakon in yi murna, sai na ji kamar an tsaga mini riga a kasuwa. Na zauna na rubuta wa mai duba makarantu rahoto cewa malamin nan yana karya tsarin gwamnati. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ƙara layi ɗaya, na ce iyaye suna zargin addininsa yake cusa wa yara. Ba uban da ya taɓa faɗin haka. Ni na san layin da zai yi aiki, shi na zaɓa.

Innarki ta ga ina lanƙwasa takardar, ta tambaye ni, na gaya mata rabi. Ta ce, "Malam, in don yara kake yi, ka je ka zauna bayan kalas ɗinsa yini ɗaya tukuna." Na ce mata maganar aiki ba ta cikin gida ba ce.

Aka ɗauke Yohanna aka jefa shi wani ƙauye can bayan Mayahi, damina ta riga ta sauka, geronsa ya kai gwiwa. Ranar tafiyarsa ya zo ya yi mini sallama, ya miƙo mini kayen da yake tsara darussansa a ciki, ya ce a ba wanda zai gaje shi don kada yaran su tsaya. Na jefa shi a akwati. Da kaka ta yi, innarki ta aika wa ƴan'uwanta suka zo suka girbe masa gonar, aka ɗaure dammuna aka kai masa har can. Ba ta shawarce ni ba, ni kuma na yi kamar ban gani ba. In kina neman inda kika samo kirki, kada ki dubi wajena.

Bayan shekaru da yawa aka tara mu a Maraɗi don a horar da mu sabuwar hanyar koyarwa. Wani matashi ya tsaya gabanmu yana bayanin a fara wa yaro da harshen gida kafin a shigar da shi Faransanci. Na waiga, ga Yohanna a benci ɗaya da ni, furfura ta cika masa kai, yana rubuta abin da ake faɗi kamar yau ya fara ji. Da aka fita cin abinci na ja shi gefe, na fara kame-kame. Ya ce in huta. "Na sani tun ranar, Mushe, rubutun hannunka aka nuna mini. Na roƙa maka alheri, don in na riƙe ka a zuciya ba zan iya tsayawa gaban yara ba." Daga nan ya koma tambayata lafiyarki.

Yana nan da ransa, ya yi ritaya kamar ni. Na nemi izininsa, kayen nan nasa yana cikin saƙon da na haɗo miki da wasiƙar nan. Gara ta ci gefen, amma ana karantawa. Ki duba da idon da aka ba ki a can, ki ga abin da ni na ƙi gani.

Na kawo miki wannan ne saboda kin ba mu labarin yadda kuke zama a jami'a, kowa ya karanta abin da ya rubuta, sauran su yi masa fiɗa. Kin ce akwai wata a cikinku da kika girme ta da kusan shekara goma, amma ita malamai suka fi yabo, kuma da farko abin yana sosa miki rai, sai daga baya kika je kika roƙe ta ta nuna miki yadda take tsara tunaninta a takarda. Kin faɗe shi kina tankaɗe gari kamar ba komai ba. Ni abin da na kasa yi ke nan ina dirakta. Ki riƙe wannan hali da hannu biyu. Wanda ya fi ki, ki je ki zauna bayan kalas ɗinsa. Kuma ko wace irin gaggawa ta kama ki, ko wane irin kyau maganar za ta yi a takarda, kada ki sa a bakin mutane abin da ba su faɗa ba. Layi ɗaya ya raba Yohanna da gonarsa.

Ke ma ban bar ki ba. Lokacin da kike lise, babbar sakandare ta kwana, a Maraɗi kina rubuto mini wasiƙa da Faransanci, kina gaya mini kewar gida da abincin da ba ya ƙosar da ku. Ni kuwa sai in ɗauki jan bik in gyara kurakuran in mayar miki. Bayan ta uku kika daina rubutowa. Na ce wa innarki karatu ne ya yi miki yawa. Ki yafe mini. Ɗiya ta miƙo zuciyarta, uba ya duba inda ta manta harafi.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Safiyar da za ki tafi, ina alwala a bayan danga, na ji abin da kike gaya wa innarki. Ba laɓe na yi ba, iska ce ta kawo. Kin ce malamarku ta maido miki rubutunki karo na uku, duk ta cika shi da ja, ta ce ki sake tun daga tushe. Kin ce ƙaramin ɗanki ya fara kiran kakarsa ta wajen uba mama, in kin kira ba ya son karɓar salula. Kin ce wataƙila girma ya kama ki, gara ki gama wannan shekarar ki koma kolej ɗinki ki rufa wa kanki asiri. Innarki ta yi miki addu'a. Ni na tsaya da buta a hannu har ruwan ya ƙare.

Tun kina ƙarama kike jin cewa babanki ya samu damar ƙarin karatu a Yamai, wanda zai mayar da shi mai ba malamai shawara, amma ya haƙura saboda ciwon mahaifinsa da gona. Ranar da kika karɓi digirinki na farko har kika faɗa a gaban mutane, kika ce kina karatu ne don ki rama wa babanki abin da aka hana shi. Na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka daɗi ne ya cika ni.

Ba wanda ya hana ni, Uwani. Na je. Na yi wata huɗu. Aka ba mu rubutu na farko a kan yadda yaro ke koyo, na zuba duk Faransancin da nake taƙama da shi. Malamin ya maido mini da maki kaɗan, ya rubuta a gefe cewa jimlolina suna da kyau amma bai ga tunanina ba, in sake. Ya karanta wani yanki a gaban kalas, a gaban samarin da na haife su a aiki. Ba da wulaƙanci ya yi ba, yanzu na sani. Amma ni na yi shekara goma sha biyar a ƙauye, inda in na ce baƙi fari ne ba mai musu. Na zo gida hutu, na tarar da kakanki yana tari, irin wanda yake yi duk lokacin sanyi. Na riƙe tarin nan kamar wanda ruwa ya ci ya samu reshe. Innarki ta ce in koma, ita za ta riƙe gida. Kakanki da kansa ya ce in koma. Na ce ɗa na gari ba ya barin uba a kwance. Ya warke cikin sati biyu, ya ƙara shekara tara a duniya. Ni ban koma ba har yau.

Ba na ce damuwarki da ƴaƴanki ƙarya ba ce. Uwa ce ke, abin da kike ji ni ban san rabinsa ba. In wata rana kin auna kin ga lalle suna buƙatarki fiye da yadda karatun ke buƙatarki, ki dawo da kanki a sama, ba wanda zai ce miki uffan, ni ne farkon mai tarbarki. Amma ki zauna ke kaɗai ki tambayi zuciyarki tsakani da Allah: yaran ne, ko jan bik ɗin ne? Kada ki ɗauki rigar ƴaƴanki ki sa wa tsoro. Ni na sa masa rigar ubana, kuma tsoron da aka yi wa sutura ba ya barin gida.

Maigidanki ya biyo nan ranar Juma'a ya gaishe mu. Ban gaya masa abin da na ji ba. Shi da kansa ya ce yaran suna lafiya, babbar tana gaya wa ƙawayenta uwarta na karatun da ya fi na dirakta, ƙaramin kuma in an kashe salula shi ke fara tambayar yaushe za ki sake kira. Ya ce ko shekara nawa abin zai ci yana bayanki. Irin wannan miji ba a kasuwa ake samunsa ba, ki riƙa gode masa da baki, kada ki bari sai a zuci kamar yadda na yi wa innarki.

Ita kuma malamar taku, da ba ta ga komai a wurinki ba da ba ta ɓata tawadarta sau uku. Mu malamai mun san wannan: takardar da muka fid da rai da ita, maki kawai muke sa mata mu wuce. Ki je ki same ta, ki ce ta nuna miki inda tunaninki ya tsinke. Ba a rage wa mutum tsawo don ya tambaya. Kin riga kin fi ni nisa, ba don yawan takardu ba. Sau uku aka ce ki sake, sau biyu kin sake, ni sau ɗaya aka ce mini na tattara kayana.

Duk abin da na rubuta a nan na ba ki shi halal. In zai yi amfani a aikinki ki sa shi, ba sai kin rage komai don ki kare ni ba.

Saura roƙo ɗaya. Cikin abubuwan da ake ba ku ku karanta, ki zaɓo mini guda, gajere, wanda tsoho zai iya ɗauka, a kan yadda yaro ke fara gane harafi. Ki ba mai zuwa Tasawa ya taho mini da shi. Tabarauna na nan, Faransancina bai mutu duka ba. Zan karanta, in rubuta abin da na fahimta shafi biyu, in aiko miki. Ki gyara da jan bik, kada ki ji nauyina. In kin ce in sake, zan sake.

Allah ya buɗa miki abin da ya rufu, ya sanyaya miki abin da ya yi zafi. Allah ya raya miki ƴaƴanki, ya sa su ga amfanin wannan rabuwa. Ya haɗa ki da malamai masu gaskiya da abokan zama masu amana, ya tsare ki daga girman kai irin na babanki. Allah ya kai ki lafiya duk inda kika sa gaba, ya maido mana ke lafiya muna da rai. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Mahaifinki,
Abdu